Kujerar da Ke Ɗingishi

"Baba, ka buɗe ƙofar nan!"

Auta ce ke bugun ƙofar shagon ubanta da tafin hannu, 'yarta a saɓe a kafaɗa, jakar tafiyarta yashe a ƙasa inda ta jefar da ita. Ni kuwa ina shagona na aski da ke manne da nasa, na kai rabin kan wani dattijo. Na kashe injin na ce masa ya yi mini haƙuri. Ko a jikinsa, don shi ma kunnensa na waje.

Da na fito na tarar da Maman Auta a tsaye tana murza gefen mayafinta. Daga cikin shagon ba abin da ke fitowa sai ƙarar samfefa a kan katako, sai tari mai tsawo, sai samfefar ta ci gaba.

"Kawu, ka ji fa," in ji Auta da ta gan ni. "Yana ciki. Yana jina."

"Yaushe ya shiga?" na tambayi uwar.

"Ruwan zafi kawai na je ɗora masa. Na dawo na ga gado wayam. Mutumin da jiya sai da na riƙe shi ya tashi zaune! Tun da na ce masa Auta na hanya bai ƙara cewa uffan ba."

Satin da ya wuce likita ya sallami uban nata, Kafinta, daga asibiti, ya ce a kai shi gida a kula da shi. Ƙurar katako ta gama da huhunsa. Ba wanda ya tambayi likitan abin da yake nufi, duk mun gane. Shi ya sa uwar ta kira Auta daga garin da take aure, ta ce in tana son ta ga ubanta da rai, to ta taho.

Auta ta sake bugawa. Wannan karon aka amsa, da wata murya da ta shaƙe.

"Ku shiga gida. Saura kaɗan."

Ta yi wata dariya mara daɗi. "Saura kaɗan. Kawu, ka ji ko? Tun ina da cikin yarinyar nan nake jin saura kaɗan." Ta juya ta nuna wata motar haya da ke bakin titi, direban na zaune a ciki ya zuro ƙafa waje. "Ban sallami mai motar ba. Wallahi in bai buɗe ba juyawa zan yi. Na gaji da tsayuwa a bakin ƙofarsa."

Na san za ta aikata. 'Yar ubanta ce, in ta kafe ta kafe.

Duk layinmu Saura Kaɗan ake ce masa a bayan idonsa. Kafinta ne da babu irinsa, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba, kuma maƙiyan ba kaɗan ba ne. Kujera ko tebur ba ya fita shagonsa sai ya ɗora tambulan cike da ruwa a kai, ya danna kowace kusurwa da yatsa. In ruwan ya motsa, aiki ya koma baya, ko da mai shi na tsaye da mota. Yaran da suka zo koyon aiki ba wanda ya daɗe. Babban ɗansa ma ajiye guduma ya yi ya koma tuƙin babbar mota, ya ce gara ramukan hanya da idon Baba. Ni da nake masa aski tun gashinsa na baƙi, ban taɓa gamawa ya tashi ya ce madalla ba. Sai ya karɓi ƙaramin madubi ya duba ƙeya, ya ce, "Hagu ya fi dama tsawo." In ce, "Malam, kanka ne Allah ya yi a karkace." Ba ya dariya. Amma kuma bai taɓa kai kansa wani shagon ba, ni kuma wannan nake ɗauka a matsayin godiyarsa.

Hira kam ba ta cikin kayan aikinsa. In ya zo gaisuwar rashin lafiya, kafin ya ce yaya jiki ya gaya maka ƙofarka ta sauka. Washegari sai ka gan shi da guduma ya zo gyarawa, ya gama ya tafi bai sha ko ruwa ba. Mutane suka ce girman kai ne. Ni da bango ɗaya ya raba mu na san ba haka ba ne, amma in aka ce in faɗi mene ne, a lokacin ba zan iya ba.

Da Auta ta sami ciki ya aika mata cewa gadon jariri na wuyansa. Aka haihu, gado bai zo ba, shi ma bai zo ba. Uwar ce ta je ita kaɗai. Yarinya ta zauna, ta yi rarrafe, ta miƙe, ga ta yau tana tafiya har da gudu, kakanta bai taɓa ɗora ido a kanta ba. In Auta ta kira waya, daga lafiya lau sai ya miƙa wa uwar.

"Ba ni minti kaɗan," na ce wa Auta.

"Kai ma ka koya?"

"Allah ya kiyaye. Ki dai tsaya."

Shagona da nasa a da ɗaki ɗaya ne, mai gidan ya raba, aka bar wata ƙaramar ƙofa a tsakani. Shi ya yi ƙofar, sakatar na ɓangarensa. Na roƙi dattijon nan mai rabin aski ya dawo da yamma, na matsa jikin ƙofar na ƙwanƙwasa a hankali.

"Malam, ni ne."

Samfefar ta tsaya.

"Gemun nan naka ya yi sati biyu. Haka za ka tarbi baƙi kamar wanda ya fito daga daji?"

Ni dai na san inda na taɓa. Can sai na ji takun ƙafa a jaye, sakata ta zame.

"Kai kaɗai," ya ce. "Ka zo da aska, ba inji ba."

Na kwashi aska da sabulu da tawul da ruwan ɗumi na shiga, ya mayar da sakatar da kansa. Na dube shi. Rigar ta yi masa yawa, leɓensa ya yi duhu, kowane numfashi sai kafaɗunsa sun ɗaga. Ya lallaɓa ya zauna a kan benci, ya jawo wata 'yar kujera tsakanin gwiwoyinsa. Kujerar yara ce, mai majingini da hannuwa, katakon ya sha shafa har yana ƙyalli. Tambulan na gefe, ruwan ya zube rabi a ƙasa.

"Ɗora," ya ce.

Na ɗora tambulan ɗin. Ya danna kusurwar gaba. Kujerar ta ce tak, ruwan ya karkata.

"Ka gani."

"Malam, wannan ai ko ƙuda..."

"Kar ka yi mini ƙarya. Kai ma ka ji."

Na ji kam. Na duƙa na duba ƙafafun. Duk huɗun sun sha yanka, garin katako sabo a ƙasa. Ashe in ya rage wannan sai waccan ta fi tsawo, in ya bi waccan sai wata ta tashi. Hannun da a da yake yanke katako a miƙe ba tare da ya ja layi ba, yanzu rawa yake kamar na mai zazzaɓi. Kujerar sai gajarta take yi, ɗingishin na nan.

A bayansa akwai wasu kaya lulluɓe da tsohon zanen gado. Gefe ɗaya ya zame. Na ga ƙafar gadon jariri, na ga kuma taya ta keken koyon tafiya.

"Malam! Ashe ka yi su?"

"Ba su yi ba."

"Me ya same su?"

"Ba su yi ba, na ce maka. Kafin in gyara gadon ta wuce gado. Kafin in gyara keken ta yi ƙafa." Tari ya kama shi, ya daɗe yana yi. "Wannan ce ta rage. Yi askinka."

Na ɗaura masa tawul, na shafa kumfa. A waje na ji hon ɗin mota, na ji Maman Auta na cewa, "Ki yi wa Allah ki ƙara haƙuri," Auta na cewa, "Mama, sake ni." Na fara daga kuncin dama. Shi kuwa ko a ƙarƙashin aska yatsunsa na kan ƙafar kujerar, suna shafawa.

"'Yarka za ta tafi," na ce.

"Ta jira."

"Ta jira ai. Shekara nawa tana jira? Ba kujera ta zo gani ba, Malam, kai ta zo gani."

"Ni?" Ya buɗe ido ya dube ni. "Ta ga me?"

"Ubanta mana."

Na ci gaba da aski har na kai haɓa. Sannan ya yi magana a hankali, yana tsayawa yana neman iska.

"Kai bakinka sana'arka ne. Mutum ya shigo, ka ce wannan, ka ce wancan, ya fita yana dariya. Ni in na buɗe baki, abin da ya karkace nake gani, shi kuma nake faɗa. Ba da gangan ba. Tana ƙarama ta taɓa haɗa mini wani ɗan akwati da guntayen katako. Ƙusoshin duk sun lanƙwashe. Na cire su, na sake buga mata a miƙe, na ba ta. Na ɗauka za ta yi murna. Ba ta ƙara shigowa shagon nan ba."

"To ka gaya mata haka."

"Ta yaya? In na buɗe ƙofar nan hannu banza, me zan ce? In ce ga ni?" Ya girgiza kai, saura ƙiris in yanke shi. "Da abu a hannuna na san yadda ake yi. In miƙa, a karɓa, shi ke nan an gane."

Raina ya ɓaci, tausayinsa kuma ya kama ni, duka a lokaci guda. Na ji kamar in ɗauki kujerar in wurga ta taga. A waje ƙofar mota ta buɗe, na ji an jefa jaka a ciki.

"Ruwan nan ya huce," na ce. "Bari in karɓo mai zafi wurin Maman Auta."

"Bi ta shagonka."

Ban bi ta shagona ba. Na taka zuwa babbar ƙofa na zare sakata.

"Kai! Mai aski!"

Haske ya faɗo cikin shagon. Auta na bakin mota, ƙafa ɗaya a ciki, uwar na riƙe da hannunta. Yarinyar kuwa an sauke ta ƙasa saboda jayayyar, tana tsaye ita kaɗai a tsakiyar hanya da takalmi ɗaya. Da ta ga ƙofa ta buɗe sai ta taho da irin tafiyar nan tasu ta tangaɗi, ta wuce ta gefen ƙafata kamar gidansu.

"Malam, ga amaryarka ta iso," na ce, don ban san me zan ce ba.

Ya yi ƙoƙarin miƙewa ya kasa. Rabin fuskarsa a aske, rabi fari fat da kumfa, tawul a wuya. Ya kai hannu zai rufe fuskar, ya fasa, ya kai hannu zai ja kujerar baya. Yarinyar ta riga shi. Ta dube shi, ta dubi kujerar, ta ture tambulan ya tarwatse a ƙasa, ta juya baya ta zauna daram.

Kujerar ta ce tak.

Ta zaro ido. Ta karkata gaba, ta ce tak. Ta koma baya, tak. Sai ta ƙyalƙyale da dariya, ta kama hannuwan kujerar ta shiga yi da ƙarfi.

"Sauko," in ji Kafinta. "Sauko, ba a gama ba. A ɗauke ta, akwai gilashi."

Auta ta shigo da gudu saboda ƙarar fashewar. Ta share gilashin gefe da ƙafa, ta duba ƙafar 'yarta, sannan ta ɗago. Ta daɗe tana kallon ubanta. Na ga bakinta ya motsa, amma ba ta gaishe shi ba, shi ma bai ce sannu da zuwa ba. Idonta ya sauka kan zanen gadon nan. Ta je ta yaye shi.

Ban taɓa ganin gadon jariri irin wannan ba. Kowane sanda an zagaye shi, babu kaifi ko ɗaya, an yi masa ƙofar gefe mai zamewa. Ƙura ce kawai ta hau shi.

"Tun yaushe?" ta ce, ba ta juyo ba.

"Kafin ki haihu," in ji uwar daga bakin ƙofa. "Ya hana ni faɗa."

"A kan katifa a ƙasa na rene ta, Baba. Dangin mijina suna tambayata, ba ubanki kafinta ba ne? Na ce ba ka da lafiya. Na yi ta yi maka ƙarya." Ta shafa gadon daga sama har ƙasa, ta leƙa ciki, ta leƙa gefe. "Ina laifin? Nuna mini. Ina so in ga abin da ya fi ni."

Ya nuna da yatsa. "Ƙarƙashi. Ta hagu. Katakon ya tsage wurin ƙusa."

Ta durƙusa ta kwantar da kai har ƙasa. Sai da ta kunna fitilar waya kafin ta gani. Ta zauna a nan cikin garin katako, ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na girgiza. Ban san ko dariya take ko kuka ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Duk wannan abin yarinyar na kan kujera, tak, tak, tak.

"Miƙo mini kujerar," in ji Kafinta. "Ƙafar baya ce. Kaɗan zan rage."

"A'a."

"Auta."

"Na ce a'a, Baba." Ta share fuska da bayan hannu, ta matso ta dafa majinginin kujerar. Shi ma ya kama hannun kujerar ta ɗaya gefen. Suka tsaya a haka, yarinyar a tsakiya tana kallon wannan tana kallon wancan. Numfashinsa ya fara fita da ƙara. Maman Auta ta ce, "Ku ji tsoron Allah," ba wanda ya kula ta.

Shi ya fara saki. Ko ƙarfi ne ya ƙare, ko wani abu ne daban, ban sani ba.

"To kar ki ce ni na yi," ya ce.

"Duk wanda ya shigo gidana sai na gaya masa."

Ya rufe ido. Auta ta zare tawul ɗin daga wuyansa, ta goge kumfar da ta fara bushewa a kuncinsa na hagu, a hankali, kamar mai goge wa yaro baki. Na ɗaga askar na ce bari in ƙarasa. Ta ce, "Bar shi haka, Kawu. Ya gaji." Na jira ya musa. Sai ya bar ta ta ƙarasa gogewar. Na fita na sallami mai motar, na sauke jakarta, sannan ni da ita muka tallabe shi zuwa gado.

Bai ƙara fitowa shago ba. Yarinyar kuwa ta ƙi rabuwa da kujerar, duk inda za ta sai ta ja ta, kuma ɗakin kakanta ta mayar wurin zama. Ɗakin yana bayan shagona, don haka ina aski ina jin ɗingishin ta bango. Washegari da na shiga gaishe shi, na tarar Maman Auta ta ninke wani guntun kwali za ta cusa ƙarƙashin ƙafar bayan.

"Ƙarar nan na hana shi hutawa," ta ce mini ƙasa-ƙasa. "Ka san shi da abin da bai zauna ba."

Ya miƙo hannu daga gadon. Ta ɗauka so yake ya gyara ninkin, ta ba shi. Ya juya kwalin, ya duba, ya danne bakin ninkin da farce har ya yi kaifi. Sai ya rufe hannunsa a kai.

"Bar ta," ya ce.

Ya dube ni, rabin gemunsa na nan yadda muka bar shi. "Hagu ya fi dama tsawo."

"Wannan karon da gaskiyarka, Malam."

Gefen bakinsa ya ɗan motsa. Auta na zaune a bakin gadon tana yanke masa farce, ƙafarsa na kan cinyarta.

Bai kai ƙarshen satin ba. Da hantsi ne, ina wasa aska, shagon ba kowa. Na ji salatin Maman Auta ta bango, sai muryar Auta tana kiran Baba, Baba, sannan ta daina kira. Na ajiye askar na zagaya.

Sun riga sun rufe masa ido. Auta ta ɗaga hannunsa za ta miƙar, guntun kwalin ya faɗo kan zanen gado, ta tsaya tana kallonsa. A gindin gadon yarinyar na zaune da takalmi ɗaya, ta kama hannuwan kujerarta, tana karkata gaba tana komawa baya.